Dutsen da Na Dafa a Ingila

Ni ba mai tafiya ba ce. Duk wanda ya san ni a ƙauyenmu, nan kusa da Bagwai, ya san in ba biki ko rasuwa ba, ko kasuwa aike nake yi. To amma sai ga ni a wani filin jirgi na ƙasar Larabawa, inda aka sauke mu aka ce mu jira wani jirgin, ƙafata ta kumbura cikin takalmin aro, ina tambayar kaina wa ya aike ni.

'Yata ce ta jawo ni, ko da yake ba ta ce in zo ba. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta. Ita take kira Inna, ni kuwa Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ta yi karatu, ta auri wani likita ɗan Bacirawa, aiki ya kai shi Ingila ya tafi da ita. A al'ada haihuwar fari gida ake dawowa, amma kakar ta rasu, ita kuma an hana ta hawa jirgi. Sai aka ce gida ya je ya same ta. Shekarar kuwa ta tsanani ce, shekarar da masu rumbu suka koma awo da gwangwani. Da na ce wa Malam, maigidana, ina jin tsoro, cewa ya yi, “Tafi abinki. Ko ba komai an rage baki ɗaya.” Wasa yake yi, amma bai yi dariya ba.

Takarduna sun makara, har ta haihu aka yi suna ba ni. Muryarta a waya ce ta hana ni zama. Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ta ce, “Lafiya lau, Yaya,” sai na ji kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya mai tsaga. Na ce a raina sanyi ya shiga yarinyar nan, kuma ba mai fitar da shi in ban je ba.

Ina zaune a filin jirgin sai na ji an ce, “Baba, sannu da hanya. Daga wane gari?” Wallahi jin Hausar nan kamar an miƙo mini ruwan randa. Wani mutum ne fes da shi, shadda tana ƙyalli, ga carbi. Muka gaisa har ya tambayi damina. Ya dubi ƙaramar jakata ya ce me ke ciki. Na lissafa masa: kanwa ungurnu ta kunu, yajin jego da na daka da hannuna, busasshen ganyen darbejiya na wanka, kilishi, daddawa. Ya dafe kai.

“Inna lillahi! Baba, Turawa ɗaure ki za su yi. Kawo, ƙanena yana aiki wajen kaya, ta ƙarƙashin jirgi za a saka, kina sauka ki tarar.”

Har addu'a na yi masa. Ya zagaya bayan wani ginshiƙi da jakata, shi ke nan ganina da shi.

Ina nan ina share ido da bakin mayafi, ban ma san an kira jirginmu ba, sai wata tsohuwa mai ɗigon ja a goshi ta tsaya a kaina. Ta zare takardar hannuna, ta kara da tata, ta kama wuyan hannuna ta ja ni kamar akuya har ƙofar shiga. A cikin jirgi ta ga ina rawar ɗari, ta zaro safa mai kauri daga jakarta ta ba ni. Ko kalma ɗaya ba mu haɗa ba. Na yi ta yi mata godiya da Hausa, tana kaɗa kai gefe da gefe, ban gane ko ta karɓa ko ta ƙi ba.

Likita ne ya zo tarata. A tsakiyar jama'a ya durƙusa ya gaishe ni, Turawa suna ta kauce masa da akwatuna. Kun san suruki, ba a haɗa ido. A mota na juya wajen taga na ba gilashin labarin jakata.

Ya ce, “Mama, ai da kin iso da su ma karɓewa za a yi.”

Na ce wa tagar, “Ashe taimakona bawan Allah ya yi.”

“A'a, Mama, cutarki ya yi.”

“To da bai karɓa ba fa?”

“Da an karɓe a nan.”

Har yau in na tuna mutumin nan ban san ko in yi masa Allah ya isa ko in sa masa albarka ba.

Gidajensu a manne suke da juna kamar an jera kwanon sha a kanta. Ba tsakar gida, ba turmi, ba zakara, ba wanda zai ce salamu alaikum ko ina masu gida. Kunnena ya yi ta neman abin ji ya rasa, sai wani zuuu da firij yake yi. Na tarar da 'yata a kwance a ɗakin sama, ta rame, idanun sun faɗa. Ashe aiki aka yi mata aka ciro ɗan. Jaririn kuma sunan Malam aka sa masa. Kun ga gida mai mutum uku, ba ko ɗaya da zan iya kiran sunansa. Shi dai jaririn na huce a kansa. Na ce, “Kai angon nan, ka sa na ƙetare duniya, ko sadaki ba ka biya ba.” Na saurara in ji ko uwar za ta yi dariya. Ba ta yi ba.

Washegari na fara neman itace. A wurinmu tun ciki yana wata bakwai miji yake tara itacen jego, kuma da tsayin tarin nan mata suke auna shi. Na leƙa bayan gida, na leƙa ƙarƙashin bene, ko tsinke babu. Zafi daga wani ƙarfe yake fitowa a jikin bango, zafin da ba ya shiga ƙashi. Na ce to ko da ruwan famfo ne a yi wankan. Sai ga wata ungozoma Baturiya da take zuwa duba mai jego. Da aka fassara mata abin da nake nufi, ta ɗaga hannu biyu. Ba ruwa mai ƙuna, ba fyaɗa ganye, ɗinki bai warke ba. Na ce to ko turare. Na sami ɗan gawayin da suke ajiyewa, na kunna, hayaƙi ya fara tashi ke nan sai wani abu a jikin silin ya ƙwalla ihu kamar an taka wutsiyar aljani. Jariri ya tsandara kuka, maƙwabci ya bugo ƙofa, ni kuma ina tsaye da kasko ina salati.

Yarinyar ta ce, “Yaya, don Allah ki bari.” Ta juya fuskarta bango.

Maganar nan ta fi ihun abin silin yi mini ciwo. Ba kanwa, ba yaji, ba ganye, ba wuta. Abu ɗaya na iya a duniya, shi na zo yi, an ɗaure mini hannu. Ita kuwa kullum ƙara shiru take yi. In an kai abinci ta tsakura ta ture, nono ya ja baya har aka fara haɗa wa yaro na gwangwani. Ga takardar zamana mai wa'adi ce. Na ga alamar zan koma in bar ta yadda na same ta.

A falo akwai wani katako da aka rufe tsakiyar bango da shi. In na zauna kusa sai in ji iska tana fito a bayansa. Na faɗa wa jariri, da ƙarfi yadda ubansa zai ji, “Ango, bangon gidanku yana numfashi.” Likita ya zo ya cire katakon. Sai ga rami baƙi ƙirin, ya haura sama, har da ƙaurin tsohon hayaƙi. Murna ta kama ni.

Ya ce, kansa a ƙasa, “Mutanen dā a nan suke hura wuta, Mama. Dama ina so a gyara shi. Ranar Asabar sai mu je tare mu zaɓo dutsen da za a gina masa, a dawo da wutar. Ita ma ta ɗan fita ta sha iska.”

Na ce a raina, ɗan halak, ashe ya ji kunyar rashin itacen nan. Mijin mai jego ya ce zai kawo wuta cikin gida, me kuma zan tambaya? Na riga na hango tukunya a kai, na hango yarinyar kwance a gefe, bayanta yana shan zafi kamar a gadon ƙasa. Albarkar da na sa masa ran nan har sai da ya gudu sama.

Shagon wani makeken zaure ne kamar sito na taki. An jera murahu a jikin bango, layi-layi, kowanne da bakinsa a buɗe, ba toka ko ta shafa wa kaza. Mai shagon wani tsohon Bature ne, ƙura har a girarsa, hannuwa kamar faranti. Duwatsun kuwa akwai baƙi mai sheƙi, akwai mai zanen jijiya, akwai mai ruwan man shanu, mara ƙyalli, mai laushi a tafin hannu. A wajen wannan Likita ya tsaya. Ya ce sunansa dutsen farar ƙasa, irinsa ake ƙonawa a sami farar ƙasar shafe ɗaki.

Na matsa kusa da yarinyar, tana zaune a kujera da goyo a ƙirji. Na ce ƙasa-ƙasa, “Dutsen da wuta take mayarwa gari, shi za a ba ajiyar wuta?”

Ta ɗaga kafaɗa.

Likita ya ji, ya ce wutar ba ta taɓa shi, shi a gefe yake. Wannan ma ban gane ba. Ina aka taɓa murhun da wuta ba ta taɓa dutsensa?

Ni dai yadda na san ana zaɓen tukunya haka na yi. Na bi su ɗaya-ɗaya ina ƙwanƙwasawa da zobena. Wani ya ce ƙal, wani ya ce dum. Tsohon ya tsaya yana kallona, can sai ya zaro wani ɗan ƙarfe daga aljihu, shi ma ya buga, ya karkata kunne, ya dube ni. Na girgiza kai, shi ma ya girgiza. Muka bi layin nan tare muna buge-buge kamar makaɗan kalangu, Likita yana biye da mu yana gumi. A wajen wani na farar ƙasar, tsohon ya kama yatsana ya ɗora a kan wani ɗan zane, sai na ga siffar katantanwa ƙarama a cikin dutsen. Aka fassara mini wai dā can ƙarƙashin teku yake. Dutse daga ruwa, za a kai shi gadin wuta, kuma wutar ba za ta taɓa shi ba. Na ce Allah mai iko, na bar maganar.

Likita wani mai furanni yake so. Ya tambayi matarsa, ta ce, “Duk wanda kuka ga dama.” Sai ya ce Mama ta zaɓa. Na sa kamu na auna bakin kowanne, ina lissafin babbar tukunya. Na zauna a kan shimfiɗar dutsen da ke gaba, na miƙe ƙafa, in ga ko mace za ta iya kwanciya. Na zaɓi wani na farar ƙasar, mara ado, mai faɗin baki, mai doguwar shimfiɗa. Tsohon ya ɗaga mini babban yatsa. Ya shiga ciki ya fito da wani gutsure, faɗin tafi biyu, ya danƙa mini. Na ce ashe Turawa ma sun san gyara.

Sai ya ɗauko wani abu kamar na kunna talabijin, ya danna. Fuu, wuta ta tashi a cikin wani murhu na kusa da mu. Na ja da baya. Itacen yana ci amma ba ya cinyewa, ba hayaƙi, ba ƙara. Na miƙa hannu, sai na taɓa gilashi. Gilashi a bakin murhu! Nan kunya ta sake ni, na juya na dubi surukina ido cikin ido, karo na farko.

“Ta ina ake ɗora tukunyar?”

Ya sunkuyar da kai. “Mama, ba a girki a kai. Na jin ɗumi ne, da kallo.”

“Kallo?”

“E, Mama.”

“To yaushe za a kawo?”

Ya tambayi tsohon. Wai sai an yanka, an goge, an sami magina. Da ya faɗi lokacin, na ga har an yi arba'in, har na koma gida, dutse bai iso ba.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Gutsuren yana kan cinyata, sanyi ƙalau. Mun yi nisa sai na ji daga baya, “Yaya, dama tukunya kike aunawa?” Na ce e. Ta yi wani ɗan sauti ta hanci. Ba dariya ba ce, amma maƙwabciyarta ce. Na adana shi.

Ashe gutsuren ma ba gyara ba ne. Wai a jingina shi da bango a ga ko launinsa ya dace da fenti, sannan a mayar. Likita ya jingina shi a bakin ramin, safe da yamma yana zuwa yana karkata kai yana kallo. Ni kuwa in na wuce sai in harare shi, dutsen nake nufi.

Wata safiya Likita ya tafi aiki, na hau da kunun da na dama da garin shinkafa, kunu ba kanwa. Na same ta a dunƙule cikin bargo biyu. Ta ce, ba ni take wa magana ba, “Bayana kamar an zuba ƙanƙara.” Na sauko na tsaya a falo. Sai na tuna kakarta. In ƙugunta ya matsa mata, ɗan dutsen niƙa take turawa cikin toka mai zafi, ta naɗe a tsumma ta kwanta a kai. To ni ba toka. Amma akwai dutse, akwai tukunya, kuma na riga na haddace ƙarar makunnin murhun lantarkinsu, na san a wace ƙas yake kamawa.

Na sa dutsen a tukunya, na zuba ruwa, na ɗora. Na tsaya a kai ina jiran ya narke in shiga uku da kayan mutane. Bai narke ba. Ƙananan kumfa suka riƙa fita daga jikinsa, yana wani tsi-tsi-tsi kamar mai gunaguni. Na ce, “Yi haƙuri, ai ka saba da ruwa.” Da ya ɗau zafi na tsamo shi, na tsane, na kwance zanen da na zo da shi daga gida na naɗe shi ninki-ninki, na gwada a kumatuna.

A bakin ƙofarta na tsaya. Rabon da hannuna ya taɓa jikin yarinyar nan tun ranar da aka shafa mini maɗaci aka ɗauke ta. Ko ranar aurenta daga nesa na tsaya. Na shiga, na dubi labule na ce, “A juya.”

Ta juya. Na ɗage rigar, na ɗora a ƙugu, nesa da ɗinkin, na danna da tafina biyu. Ta ja numfashi. Na ɗaga, na matsa, na sake dannawa, yadda ake yi. Can ta jawo bakin zanen ta kai hanci.

“Zanen nan ƙaurin hayaƙin gida yake.”

Na ce, “Karan dawa ne. Bana ba mu ga itace ba.”

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Kuka ne, irin mai sauti, wanda tun zuwana ban ji ba. Ban ce ta yi shiru ba, ban ɗauke hannu ba. Ta yi mai isarta. Da ya lafa, fuskarta a cikin matashi, ta ce, “Inna, ƙara sama kaɗan.”

Na ji. Ni da nake jin iska a bayan katako, ya za a yi wannan ya wuce ni? Amma na yi kamar ban ji ba, na matsa sama kaɗan.

Ran nan ta shanye kunun, tana ƙorafin ba kanwa. Na ba ta labarin mai shadda da carbi, da tsohuwa mai safa, ta ce in sake na mai shaddar. Daga nan kullum da hantsi sai na dafa dutse.

Rannan ungozoma ta zo ta tarar da tukunya tana tafasa. Ta yi murmushi ta ɗaga murfi ta ga abin da ake dafa wa mai jego. Yadda ta tsaya da murfin nan a hannu, ta dubi dutse, ta dube ni, ta sake duban dutse, shi ya sa yarinyar ta fashe da dariya har tana riƙe ɗinki tana cewa wayyo. Da aka yi mata bayani, ta karɓi naɗin ta kara a wuyan hannunta, ta ce kar ya fi haka zafi, kuma kar ya je gaba wajen ɗinkin. Ta kuma zauna suka daɗe suna magana da yarinyar, ta haɗa ta da wata likitar da ta riƙa gani.

Likita kuwa ya kasa gane dalilin da dutsensa yake sauya launi. Jiya fari, yau ya yi duhu, kuma da ɗumi. Har ya fara cewa ko a sauya fenti. Da matarsa ta faɗa masa, ya rufe baki ya fita waje, ina jiyo shi ta taga yana tuntsira dariya. Dole ya je ya ba mai shago haƙuri. Ya dawo da wani gutsuren a hannu. Wai tsohon ya ce kakarsa ma da bulo mai zafi take ɗumama musu shimfiɗa, a ba Mama wannan, in ɗaya yana aiki ɗaya yana kan wuta.

Kafin in taho nono ya dawo, ango ya yi kumatu. Likita ya ce taimakon likitar nan ne ya yi aiki. Ban musa ba, suruki ne, kuma wataƙila da gaskiyarsa.

Na dawo na tarar da gero ya fara kai, Malam ya ƙara ramewa, yana cewa bakin da aka rage ya dawo. Bayan an kwana biyu aka turo hoton murhun a wayar ƙanena. Matan gidanmu suka taru suna karɓa hannu-hannu. Ga shi nan, mai faɗin bakin da na zaɓa, wuta tana ci a bayan gilashi, yaro kwance a kan shimfiɗar da na auna wa uwarsa.

Hajara maƙwabciyata ta juya wayar sama da ƙasa. “To ina tokar take zuwa?”

“Ba toka.”

“Tukunyar fa?”

“Ba a ɗorawa.”

“To me ake yi da shi?”

Na ce, “Hajara, ni na zaɓe shi, amma kar ki tambaye ni.”

Ta ƙura ido. “Waɗannan duwatsun biyu fa, a sama, kusa da agogo? Ɗaya har ya yi baƙi. Su ma na kallo ne?”

Kafin in ba ta amsa wayar ta yi ƙara a hannunta. Ta miƙo mini. Na kara a kunne na ce ya gida, ya angona.

Ta ce, “Lafiya lau, Inna.”

Na saurara da kyau. Ƙwaryar ba tsaga.